Gonar Baiwa da Tokar Ƙashi

Akwai wata mata a Matameye, tun kafin zuwan Nasara, ana ce mata Baiwa. Mijinta Idrisa ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu da gona ɗaya a hanyar Tsauni, gonar da ta gaji har ciyawa ba ta son ta.

Damina biyu gonar ba ta ba da ko dami ɗaya ba. Sai Lawwali, wan marigayin, ya samu mai gari ya ce a ba shi ita ya ɗaure shanunsa. Mai gari ya ce a jira damina ɗaya. In ba ta yi ba, Baiwa ta haƙura.

Baiwa mace ce mai yawan zama shiru. Takan zauna ƙarƙashin gawo tana kallon yashi, a zuciyarta tana ganin gero na rausaya har inda ido ya tsaya. A irin wannan zaman ta tuna wata kusurwa inda gero ya taɓa yin kyau, wurin da aka ƙone mushen raƙumi shekarun baya.

Daga nan ta shiga bin mahauta ranar kasuwa tana tsintar ƙasusuwa. Ta ƙone su har su yi fari fat, ta daka, ta jiƙa da ruwan tsami, ta zuba a kowane ramin shuka tare da ɗan taki.

Lawwali ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baiwa, miya za ki yi wa ƙasa?"

"Yunwa take ji, Yaya," in ji ta.

Ruwa ya sauka. Geron ya fito kore shar, ya wuce kanta. Ranar da ta ɗaure dami ashirin ta zauna ta yi kukan daɗi, mai gari kuma ya bar mata gonarta.

Lawwali fa girman kai ya hana shi tambaya. Da bazara ta zagayo ya kwaso ɗanyen ƙashi kayan jaki guda, ya binne a tasa gonar tare da iri. Kafin kwana uku karnuka da kuraye sun tone ta kaf, har irin da ya shuka.

Ya zo ƙofar gidanta ya yi sallama, ya kasa ɗaga kai. Baiwa ta miƙo masa ruwa, ta ce, "Sai an ƙone tukuna, Yaya. Gobe ka zo da itace, turmi ina da shi."

Darasi: Mai raina aikin wani shi ke kwaikwayonsa a karkace. Sinadarin da ke cikin ƙashi, irinsa ne ake haɗa takin zamani da shi yau. Tambaya ba ta rage girma. Ku tura wa 'yan uwa manoma su ma su karanta.