Ledar Da Aka Cusa Wa Motar Sallau

An taɓa yin wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, lokacin da motoci ba su yi yawa ba. Sunansa Sallau. Ku ɗan matso, 'yan'uwa, muryata ba ta da ƙarfi, mai buga guduma a can baya kuma don Allah ya dakata mana. Ni ba malami ba ne, kun sani, tare muke kwanciya a ƙarƙashin mota da ku. Liman ne ya ce in faɗi wani abu tunda mun idar da la'asar. Ni kuwa labarin nan ne yake ta yi mini yawo a ka tun safe, saboda wani abu da idona ya gani a garejin nan. Ba zan kama suna ba.

To, Sallau ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa. Irin na da ɗin nan, masu dogon baya, ƙarfe zalla, in ka rufe ƙofa sai maƙwabta sun ji. Da ita uban ya yi ta kai mutane kasuwannin ƙauye, da ita shi ma ya yi, har ta gaji, shi ma ya gaji. Ba shi da kowa a gida sai mahaifiyarsa, wata tsohuwa ana ce mata Inna Kuluwa. Rufin ɗakin Inna kuwa ya mutu. Daminar da ta wuce da ƙore da kwanukan abinci aka yi ta tarar ruwa. Sallau ya dubi rufin, ya dubi motar, ya ce zai sayar da ita ya yi wa Inna rufin kwano kafin ruwa ya sauka, shi kuma ya koma gona.

Amma ya ce ba zai miƙa wa mutum ita haka ba, sai ya gyara. Ba shi da halin sayen sabbin kaya, sai ya yi gyaran talaka. Ya kwance kafireta ya wanke ta tas. Ya goge fulogi, ya sauya wanda ya ƙone. Ya juye tsohon baƙin mai ya zuba na kirki, inji ya daina tari. Ya koma ƙafar motar. Robobin ƙafar duk sun cinye, sai ya samo tsohuwar tayar babbar mota, ya zauna da wuƙa yana yanka su daidai wurinsu. Sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya kwanta, ya je wurin 'yan gwanjo ya samo ƙarfe ya ƙara mata, mota ta miƙe tsaye.

Saura abu ɗaya. Ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba, wanda muke ce wa tarod, kansa ya cinye. In ka murza sitiyari sai ya yi wasa kafin taya ta amsa, in ka faɗa rami ka ji ƙwas-ƙwas. Kun san ma'anar wannan. Ranar da ya fice, mota ta daina jin maganar direba ke nan. Motar ta tsufa, ba a samun irinsa a garin. Sai ya ba wani direban babbar mota saƙo ya nemo masa a birni, ya zauna jira.

Akwai wani dillalin motoci, Barmo, abokin Sallau tun suna yara. Shi ya ɗauki nauyin nemo mai saye. Ku saurara ku ji yadda ake yi.

Barmo zai kawo mutum, ya daki bayan motar, ya ce, “Alhaji, dubi ƙarfe! Yanzu ba a yin irinta. Tayar da injin ka ji, kamar agogo.”

Sai Sallau ya ce, “Gaskiya ne, injin lafiya lau. Amma Alhaji, zo nan ka kama tayar hagu ka girgiza. Ka ji? Tarod ne. Na aika a kawo, bai iso ba.”

Alhaji ya girgiza, ya ji ƙwas, ya kaɗe hannu, ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Aka kawo wani, haka. Aka sake kawo wani, wannan ma ko sallama bai gama ba Sallau ya ja shi wurin tayar hagu.

Barmo ya cire hula ya buga a gwiwa. Ya ce, “Kai Sallau, wai motar nan sayar da ita kake yi ko ƙararta kake kaiwa? Wa ya tambaye ka?”

“Ai ba zai san ya tambaya ba, Barmo.”

“To naka ne ka koya masa? Ina kawo maka mutane kana kora mini su kamar kaji! Ji nan. Ba ni sifana da leda ɗaya. In kwance kan, in cusa masa leda, in ɗaure. Shiru za ka ji, ko ubanka ya dawo ba zai gane ba.”

Sallau ya ce, “Ledar za ta riƙe ƙarfe?”

“Za ta riƙe shi har mai saye ya bar gari.”

“Daga nan fa?”

“Daga nan motarsa ce! Kowa haka yake yi, Sallau, kowa!”

Kun ji kalmar nan ko? Kowa haka yake yi. Wallahi ta ishe ni. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta a garejin nan ba.

Sallau ya ce a'a. Bai yi faɗa ba, bai yi wa'azi ba. Cewa kawai ya yi, “Mu jira tarod.”

Ana nan hadari ya fara haɗuwa a gabas, tarod bai zo ba. Wata rana Sallau zai tafi sharar gona, sai ya bar motar a rumfar Barmo don masu wucewa su gani. Ya ce, “Don Allah duk wanda ya taya, ka gaya masa maganar tarod.” Barmo ya ce, “Je ka abinka.”

Da azahar ya dawo, ba mota. Barmo na zaune yana ta murmushi, ya danƙa masa kuɗi a hannu, ya ce, “Je ka sayi kwanonka. Malam Jatau mai hatsi ya saya, na ƙauyen nan na bayan dutse. Sauri ma yake yi, yau zai kai matan gidansa bikin suna.”

Sallau ya ce, “Ka gaya masa?”

“Da hannunsa ya girgiza tayar. Bai ji komai ba.”

Sallau ya dubi hannun Barmo, ya ga baƙin maiko a farce. Ya dubi ƙasa, ga guntun leda nan kusa da sifana.

Hanyar bayan dutse kuwa gangara ce da kwana, ga rami a gefe. Ya ɗauki sifanar, ya ari keken wani mai shayi, ya hau.

Ku tsaya nan, 'yan'uwa, kada mu yi sauri. Hanyar da zai bi ta gaban shagon mai kwanon rufi ta wuce. Ga kwano nan a jingine yana ƙyalli. Ga kuɗi a aljihunsa. Ga hadari a sama. Ba shi ya cusa ledar ba, bai ma san an yi ba. Da a cikinmu ne, wa zai ga laifinsa in ya tsaya? An ce ya rage gudu, ya dubi kwanon nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke.

Ya isa ƙofar gidan Malam Jatau yana haki, ya tarar har an cika mota. Mata sun sha ado, ga kwanukan abinci a cinya, ga goyo. Malam Jatau na shirin tayarwa.

Sallau ya yi sallama, ya ce, “Malam, ni ne mai motar nan. Don Allah kada ka tayar.”

“Mai ita? Ai ni ne mai ita, na biya!”

“Haka ne. Ka ba ni izini in nuna maka wani abu.”

Ya kwanta a ƙasa da rigarsa ta gona, ya sa sifana, ya kwance, ya zaro leda baƙa ƙirin, har ta fara narkewa. Ya ce, “Yanzu girgiza tayar.” Malam Jatau ya girgiza. Ƙwas-ƙwas.

Kuna tsammanin godiya ya yi? Ina! Ya ɗaga murya har mutane suka taru. “Macuta! 'Yan birni macuta! Iyalina za ku kashe mini? Sai da na tara mutane za ka zo ka kunyata ni?”

Sallau bai ce Barmo ne ba. Ya ce, “Motata ce, laifin yana kaina. Ka yi haƙuri. Ga kuɗinka yadda suke.”

Mata suka dinga fitowa suna tsaki. Wata tsohuwa ta ce, “Kai ɗan nan, ba ka bari mu je mu dawo ba sannan ka yi gaskiyar taka?” Ya ce, “Baba, dawowar ce ban tabbatar ba.” Ya ɗora keke a baya, ya lallaɓo motar zuwa gida kamar mai ɗauke da ƙwai.

Barmo ya daina yi masa magana. Labari ya bazu cewa motar Sallau mai kisa ce, ba wanda ya ƙara tayawa.

Ruwa kuma ya sauka. Kada ku ce don ya yi gaskiya sai hadari ya watse. Bai watse ba. Wata rana da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi, gefen rufin Inna ya rufto. Sallau ya goya ta ya kai ta cikin motar, ya kwantar da ita a kujerar baya, ya lulluɓe ta. Daga ranar, duk sanda hadari ya taso, sai mota. Maƙwabta suna dariya, suna cewa Sallau ya yi wa uwarsa ɗaki mai taya huɗu.

Rannan suna zaune a ciki, ruwa na dukan gilashi, ya ce, “Inna, ki yafe mini.”

Ta ce, “Ni ban ce ka yi laifi ba, Sallau. Sanyi dai nake ji.”

Wannan maganar ta fi masa zagin Malam Jatau ciwo. Ya cire rigarsa ya ƙara mata.

Can cikin damina tarod ya iso. Ya ɗaura, sitiyari ya kama gam. Amma wa zai saya?

Wata safiya sai ga sallama. Malam Jatau ne, fuska a murtuke. Ya ce, “Kai ka lalata ni. Tun ranar nan, duk motar da aka nuna mini sai na kwanta na sa hannu a ƙarƙashi. Wannan leda, waccan tsumma, wata an ɗura mata mai mai kauri don kada ta yi hayaƙi. Kowacce kuma lafiyarta ƙalau, in ji mai ita. Na gaji. A duk ƙasar nan taka ce kaɗai na san ciwonta. Tana nan?”

Sallau ya ce, “Tana nan, an sa tarod. Amma Malam, ƙofar baya ta dama ba ta buɗuwa ta ciki. Fitilar hagu kuma sai ka ɗan daka ta. Sannan robobin ƙafar ni na yanka da taya, ba na kanti ba ne. Akwai kuma…”

Malam Jatau ya toshe kunne. “Na ji! Ya isa! Don girman Allah ka bar ni in sayi motar nan!”

A makon nan aka yi wa Inna Kuluwa rufi.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so mu ɗauka. Gyaran talaka ba laifi ba ne. Ka yanka roba da taya, ka sa na gwanjo, ka wanke tsoho ka mayar, duk halal ne, in ka gaya wa mai mota abin da ka sa. Laifin shi ne ɓoyewa. Wanda ya ɓoye aibin abin da ke hannunsa ya ci amana, a sana'armu kuma amanar nan rayuka ce. Mai mota ba ya shiga ƙarƙashi. Mu muke shiga, mu da Allah kaɗai muka san abin da ke wurin. Shi makulli zai karɓa, ya zuba matarsa da 'ya'yansa, ya hau titi yana bismilla, a kan ledarmu. Haba jama'a! Haba!

Kada kuma wani ya ce mini zai yi gaskiya in ya tabbata Malam Jatau zai dawo. Sallau bai san zai dawo ba lokacin da ya wuce shagon kwano. Wani ma ba ya dawowa har abada, sai dai ka tarar da ladanka a gaba.

Akwai wata mota a bayan masallacin nan da aka yi wa aikin ƙafa da safe. Mai ita zai zo ɗauka kafin magariba. Da sauran lokaci. Sifanata tana kan benci, duk mai bukata ya ɗauka, ba sai ya gaya mini ba. Ni zan juya baya in yi ta wankin hannu.

Allah Ya ba mu ikon faɗa tun ba a tambaye mu ba. Mu tashi.