Zoben Andrew da Gudumar Kawu Dogo

Akwai wani saurayi a Wara, sunansa Andrew, mai tuƙa jirgin ruwa. Yana neman wata yarinya, Esther, iyaye kuma sun amince. An sa ranar Lahadin da zai saka mata zoben baiko a gaban dangi bayan an tashi daga coci.

Ya je har Kaduna ya sayo zobe mai ɗan dutsen daimon a kai. Mai shagon ya ce masa in ya taɓa yin shakka, ya dawo da shi a gwada a gabansa. Andrew ya dawo gida hankalinsa kwance.

Kuskurensa guda: ya fito da zoben a bakin ruwa don abokai su gani.

Sufyanu mai gyaran injin jirgi ya karɓa, ya juya shi a rana, ya taɓe baki.

"Wanga? Kwalba ce, ango. Sun ga ɗan ƙauye sun yi mai aski."

Aka yi dariya. Andrew bai yi ba.

Wani fasinja ya ce a hura wa dutsen numfashi. In na gaske ne, hucin zai washe nan take. Andrew ya hura. Dutsen ƙarami ne, rana kuma ta take. Wasu suka ce ya washe, wasu suka ce ba su ga hucin ba ma.

Wata mai sayar da bandar kifi ta ce a jefa shi a ruwa, na gaske nutsewa yake. Aka kawo kofi. Zoben ya nutse. Andrew ya fara murmushi, sai Sufyanu ya jefa ƙusa a kofin, ita ma ta nutse.

"To, ƙusata ma daimon ce," in ji shi.

A gida ƙanwarsa ta ce ta gani a waya, daimon yana karce gilashi. Andrew ya ja zoben a kan madubin Inna, mahaifiyarsu. Ya karce. Inna ta yi faɗan madubinta, sannan ta ce farin dutsen bakin tafki ma yana karce gilashi, tun suna yara suke yi.

Andrew ya rasa na kamawa. Da safe ya ga zoben yana walƙiya, ya ce na gaske ne. Da rana ya ga kamar ya dushe. Abin da ke cin sa shi ne kada ya saka wa Esther kwalba a gaban iyayenta. Inna ta ce ya koma Kaduna a gwada. Ya ce hanya da nisa, Lahadi kuma ta matso.

Sai ya tafi wurin kawunsa Dogo, wanda ya daɗe yana haƙar zinari. Dogo bai taɓa riƙe daimon ba, amma ba ya cewa bai sani ba.

"Dutse kake tambaya ta? Ni da nake kwana cikin rami? Duk duniya ba abin da ya kai daimon tauri. Guduma ba ta yi mai komi. Kawo."

"Kawu, in ya fashe fa?"

"In ya fashe ka huta, ka san jabu ne."

Dogo ya ɓanɓare dutsen da wuƙa, ya ɗora a kan ƙarfen da yake fasa duwatsu, ya sauke guduma. Dutsen ya tarwatse.

"Ka gani ko? Je ka karɓo haƙƙinka."

Hanyar da Andrew ya ce ta yi nisa, ita ya kama da fushi, gutsattsarin na ƙulle a leda. Mai shagon bai yi musu ba. Ya ɗauko wata na'ura kamar alƙalami, ya taɓa babban gutsuren. Ta yi ƙara, fitilarta ta kama.

"Daimon ne. Wa ya fasa shi?"

"Ba an ce ba ya fashewa ba?"

"Ba ya karcewa. Fashewa kam yana yi. Wannan kuma ba ni karɓarsa."

Andrew ya tsaya yana kallon na'urar.

"Ita kuma wa ya gwada ta?"

"Shiga shagon da ka ga dama."

Ya shiga wani shagon a wani layi. Amsar ɗaya ce.

Ranar Asabar ya iso Wara. Ya sami Esther tana shanya shinkafa, ya faɗa mata komai, ya nuna mata zoben da ramin da dutsen ya bari. Ya ce a ɗaga baikon sai ya sake sayen wani.

Esther ta daɗe tana duban zoben.

"Ba a ɗaga komai. Wannan za ka saka mini gobe."

"Haka, da rami? Mutane za su tambaya."

"Su tambaya. Kai za ka riƙa ba su amsa."

Haka aka yi. Ranar Lahadi duk wanda ya kama hannun Esther don ya ga zobe sai ya juyo wurin Andrew. Shi kuma ya sake ba da labarin tun daga farko. Dogo bai zo ba.

Darasi: Abin da ba ka sani ba, kai shi wurin masu sana'arsa, ko da nisa. Yawan masu ba da shawara ba ilimi ba ne, kuma gwajin da zai lalata abu ba gwaji ba ne. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ku tura wa samarin da ke shirin sayen zobe.