Gafiya Ta Karɓe Ikonta Daga Hannun Kunkuru

An yi wata Gafiya mai haɗama, sarauniyar gafiyoyin bakin wani kogi. Maƙwabcinta shi ne Kurege, sarkin kuregu, mai tsiwa. Gaɓa ɗaya suke haƙa, kowa da yankinsa, kuma duk damina sai ƙasa ta zaftare saboda ramuka sun yi yawa.

Da abin ya ishe su, sai suka miƙa wa Kunkuru iko, shi da ba ya goyon bayan kowa. Ba mai sake haƙa rami a gaɓa sai da izininsa. In kuma ƙasa ta rufta wa wani, shi zai kira gayya, kowa ya fito a tone.

Gafiya ta fi kowa murna. A ganinta, Kurege aka ɗaure.

Da kaka gyaɗa ta yi mata yawa, sai ta nemi izinin haƙa sabon rumbu a gindin gaɓa.

Kunkuru ya ce, "A'a, ranki ya daɗe. Wurin rairayi ne, ba zai riƙe ba."

"A ƙasar kakannina za ka hana ni? Kai da ko ramin kirki ba ka taɓa haƙawa ba!"

Kurege ya ce, "Haba maƙwabciya, ba ke kika yi ta guɗa ranar da aka naɗa shi ba?"

"Rufe mini baki, mai bindin tsintsiya! Ni na ba shi iko, na kuma karɓe abina."

Kunkuru ya ce, "To, na ji."

Ta haƙa rumbu, ta cika shi taf. Da ruwan farko ya sauka, gaɓa ta rufta a kai, gyaɗa duka a ciki. Gafiya ta zo wurin Kunkuru a guje, jikinta duk laka.

"Kira gayya! A tono mini gyaɗata kafin ta ruɓe!"

"A yankinki ba ni da bakin kiran kowa."

"To, me ya sa ba ka hana ni ba? Kana kallo! Sai an biya ni!"

Kunkuru ya ce, "Ikon hanawar ai yana hannunki, ranki ya daɗe. Ke kika tafi da shi."

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya miƙa iko ga hukumar haɗin gwiwa ya sani cewa hukuncinta zai hau kansa shi ma. In ya fice ranar da aka ce masa a'a, to ya fice har da ranar da zai nemi agaji.