Kyanwar Gidan Majema

Dalilin da ya sa kyanwa ba ta taka ƙasa bayan barci sai ta yi miƙa, a gidan majema ta samo shi. Ni kuwa jikar majema ce, don haka ku buɗe kunne.

A da can kyanwa ba ta san miƙa ba. Akwai wata a gidan Baba Cindo majemi, aikinta tsare fatu daga gafiya. Wuni take yi a dunƙule bakin rami, har bayanta ya ƙage, wuyanta ya sanƙare. In gafiya ta fito, kafin baiwar Allah ta lallaɓa ta tashi tana "wash, bayana", an ɓula fata an koma rami.

Ranar da aka ɓata jar fata ta uku, ran Baba Cindo ya ɓaci. Ya ce, "Ke Mage, gidan nan ba a cin tuwon banza. Aka sake taɓa mini fata kafin kasuwar Laraba, ki nemi wani gidan."

Hankalinta ya tashi, don nan aka haife ta, ba ta san ko'ina ba. Ta shafa man kaɗanya, ta sha jiƙo, duk a banza.

Washegari da hantsi ta ga Baba Cindo ya ɗauko fata daga shanya, a ƙandare kamar ƙwarya. Ya take gefe da ƙafa, ya ja, ya saki, ya sake ja, har ta yi laushi.

Ta ce, "Baba, wane magani ka sa mata?"

Ya ce, "Ja ne kawai. Abin da ya daɗe a dunƙule, sai an ja shi yake sakewa."

Nan take ta kafa farce a ƙasa ta fizgi bayanta da ƙarfi, sai ihu. Baba Cindo ya yi dariya har da ƙwalla. "Ke, jimar fata ba ta son garaje! Fizga yaga fata take yi. Ja a hankali, inda kika ji ya riƙe ki dakata."

Haka ta dinga yi safe da yamma. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, amma kullum jikin na ƙara sakewa.

Ran Talata da azahar gafiya ta fito tana taƙama. Ta ce, "Sannu da baya, Iya." Kyanwa ta miƙa hannuwa, ta banƙare. Gafiya ta ɗauka ciwon ne ya motsa, ta tsaya dariya. Tsalle ɗaya kyanwa ta yi, sai ga gafiya a gaban Baba Cindo, ba rai.

Daɗi ya kama tsoho. Ya shimfiɗa mata buzu mafi laushi, ya ce, "Daga yau ke ma majemiya ce."

Shi ya sa har yau, ko baƙi ne cike da zaure, kyanwa sai ta miƙa hannu, ta banƙare baya, ta ɗaga jela, sannan ta taka ƙasa. Masu cewa lalaci ne ba su san asalinta ba. Sana'ar gidanmu take yi, a kan fatar da Allah ya ba ta.