Masuncin da Ya Sare Itatuwan Bayan Gidansa

Akwai wani mutum, masunci ne, gidansa yana daidai inda kogi yake shiga teku. Shi yana kamo kifi, matarsa tana banda. A bayan gidansu akwai wasu itatuwa masu tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri. Saiwoyinsu a waje suke, sun sarƙe da juna kamar yatsun hannu. Sau biyu a rana ruwan teku yakan taso ya rufe saiwoyin, sa'an nan ya janye.

To, banda tana cin itace, daji kuwa da nisa. Wata rana matar ta sauke dami, ta ce, "Maigida, wuyana ya gaji. Ga itace a bayan ɗaki, ni kuwa ina tafiyar rabin yini?" Sai mutumin ya wasa gatarinsa.

Suna da maƙwabciya, wata tsohuwa gwauruwa mai kama ƙaguwa a cikin saiwoyin. Da ta ji sara, ta zo da ƙwarya, ta ɗebi ruwa daga tsakanin saiwoyin, ta miƙa masa. Ga 'ya'yan kifi fal a ciki, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ta ce, "Ɗana, ɗakin haihuwarsu kake sarewa. Nan suke ɓuya har su yi ƙarfin fita teku."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, waɗannan ko miya ba za ta san da su ba. Teku ne zai ƙare?" Ya ci gaba da sara, har bayan gidan ya zama fili.

Shekara ta fari babu abin da ya sauya. A ta uku kuwa, sai ya yini yana jefa taru ya komo da abin da bai cika kwando ba. Igiyar ruwa kuma, da ba ta sami abin da zai tare ta ba, ta cinye gaɓa har ta rushe murhun banda. Matar ta ce, "Mu tashi tun ruwa bai shigo ɗaki ba." Amma mijin ya ƙi, don gidan ubansa ne, nan aka haife shi.

Sai ya tafi wurin tsohuwar, ya durƙusa. Ba ta yi masa gori ba. Ta ce ya tuƙa ta a kwalekwale zuwa wancan ƙetare, inda akwai sauran irin itatuwan. Suka tsinto 'ya'yan itatuwan, dogaye kamar kuɓewa. Ta ce, "Jira ruwa ya janye. Ka kafa su a taɓo, ba a yashi ba, tsinin yana ƙasa, taki ɗaya tsakaninsu. Wanda ruwa ya kwashe, ka maye gurbinsa."

Haka ya yi ta yi, taɓo har gwiwa. Masunta suna wucewa suna cewa, "Sannu manomi! Yaushe gonar za ta nuna mu zo girbi?" Ya ci gaba da kafawa. Itacen banda kuwa, yanzu shi da matarsa suke zuwa daji tare, shi yake ɗaukar babban damin.

A shekara ta huɗu itatuwan suka kai ƙirjinsa, gaɓa ta daina zaizayewa. Wata safiya matar ta tsoma ƙwarya a tsakanin saiwoyin, ta duba, ta ɗauke ta da hannu biyu har ɗakin tsohuwar, wadda ƙafa ta riga ta hana ta fita.

"Iya, sun dawo."

Tsohuwar ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, 'yata, mayar da su maza. Ba su isa yawo ba tukuna."

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Duniya ta Ubangiji ce, mu masu riƙon amana ne. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma kowa yana da rafi ko tafki ko itace a bayan gidansa, kuma Allah ya haɗa su da abincinmu ta hanyar da ido ba ya gani. Masuncin ba mugu ba ne. Sauƙi ya nema, ya rena abin da yake ƙarami.

Haka yake a cikin ruhu. Addu'ar safe da iyali, da zaman koya wa yara Maganar Allah, su ne saiwoyin. Ranar da muka sare su saboda gajiya, ba ma ganin hasara. Sai bayan shekaru taru ya fito wayam.

In kuwa ka riga ka sare naka, kada ka karai. Allah bai bar mu babu iri ba, ba ya kuma yi wa mai tuba gori. Nemi wanda ya riga ka sani, ka durƙusa, ka shiga taɓo. Kai za ka kafa, Allah zai komo da kifin.