Hoton Baba Gide da Zangarniyar Dawa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a garin Kankara da ake kira Maharazu. A zamaninsa, duk bikin da bai je ba, sai ka ji amarya tana cewa kamar ba a yi ba. Yana da wata kyamara baƙa mai dogon baki, wadda yake goge ta fiye da yadda yake goge takalminsa na Juma'a.

Wata rana yana dawowa daga ɗaurin aure a wajen Sabuwa, 'yan bindiga suka tare motarsu. Allah ya kuɓutar da ransa, amma kyamarar ta tafi.

Tun daga ranar Maharazu ya rufe shago. Ya koma zama a ƙofar gida, ya rame, magana ma sai ta kama dole. Matarsa Suwaibatu ta yi lallashi har ta gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Kyamarar nan ita ce sana'ar. Tunda ta tahi, ni ma na tahi."

Ana nan, sai ga wata mata ta yi sallama, sunanta Shafa'atu. Shi ne ya ɗauki hotunan bikinta shekarun baya, a ƙauyensu da ke ƙasar Sabuwa.

Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Maharazu, wurinka na zo. An ƙone mamu gari, mun dawo Mairuwa da zama. Baba kuma jiki ya ƙi, likita ya ce sai dai addu'a. Hotonshi muke so."

Maharazu ya yi mata jaje, sannan ya ce, "Ai yanzu kowa da waya a hannu. Ku ɗauke shi mana."

"Mun ɗauka har mun gaji. Har mai hoto ƙanena ya ɗauko daga Funtua, da kyamara da fitilu kamar za a yi wa'azi. Ko wane hoto aka nuna ma Inna sai ta ture, ta ce wanga ba Malam ba ne."

Wanda ya san dattawanmu na karkara ya san abin da take nufi. Mutum ne mai raha da barkwanci, amma da ya ga an saita masa kyamara sai ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗaure fuska tamau kamar an kawo shi gaban alƙali. A wurinsu, babba ba ya washe baki a hoto. Jikoki in suka ce, "Baba, yi murmushi," sai ya ƙara tamke fuska ya ce, "Ni sa'anku ne?"

Shafa'atu ta share hawaye da gefen mayafi. "A hotunan bikina akwai guda da ka kama shi yana dariya. Shi Inna ke ajewa a ƙasan akwati. Ya ƙone tare da ɗakin. Kai kaɗai ka taɓa kama dariyar Baba."

"Ba ni ba ne, kyamarar ce," in ji Maharazu. "Kuma an ƙwace ta."

Sai ta miƙo masa wayarta. Tsohuwa ce, gilashinta ya tsage ta kusurwa. Maharazu ya ji kamar ta zage shi. Shi da ake layi a gabansa, yau da wannan zai yi aiki? Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ji muryar Suwaibatu daga bayan ƙyaure: "Baban Amatullah, ko ba ka ɗauka ba, ai ka je ka gaida mara lafiya."

Washegari shi da Shafa'atu suka hau mota zuwa Mairuwa.

Ya tarar da mahaifinta, Baba Gide, a zaune kan tabarma, an jingina shi da bango a ɗan ɗakin da aka ara musu. Da aka ce ga mai hoto, tsohon ya yunƙura ya gyara hula, hannuwa suka hau gwiwa, fuska ta ɗaure.

"A'a Baba, sake jikinka," in ji Maharazu. "Dubiya na zo. Kyamarar ma an raba ni da ita a hanyar Sabuwa."

Tsohon ya dube shi da kyau. "Kai ma sun taɓa ka ke nan. To zauna, ɗana."

Suka yi ta hira. Waya tana aljihu, Maharazu bai ko taɓa ta ba. Amma idonsa, wanda ya ɗauka ya mutu, bai zauna ba. Ya lura ɗakin da duhu, sai dai in la'asar ta yi rana za ta sauko ta shigo ta ƙofa. Ya lura tsohon ba ya iya daɗewa bai ɗaga kai ya kalli wani abu a saman bango ba. Da ya bi kallon, sai ya ga ɗaurin zangarniyar dawa a rataye.

A hankali ya tambayi Inna Hajaratu, matar tsohon. Ta ce, "Irinshi ne. Kaura ce, tun ta mahaifinshi. Ran da muka gudo, kowa na ɗaukar tufafi, shi wannan ya ɗauko."

Bayan sallar la'asar, Maharazu ya ce iska ta fi daɗi a bakin ƙofa, aka matso da tabarmar. Ya roƙa a sauko masa da ɗaurin ya gani. Maharazu ɗan ƙauyen Pauwa ne, a gona ya tashi, ya san iri sarai. Amma sai ya laluba ya zaro wata 'yar ƙanƙanuwa, ƙwayarta duk ta motse, ya ɗaga ta sama.

"Baba, in ni ne, wannan zan shuka. Duk ta fi su kyau."

Baba Gide ya zaro ido. "Mi? Wannan?" Sai dariya ta ƙwace masa, har hula ta karkace. "Kai, Allah ya kiyashe mu da noman 'yan birni! Wannan ko kaza sai ta yi shawara kafin ta ci. Kawo nan!"

Ya jawo ɗaurin, yatsunsa suka zaɓo wata babba mai cikar ƙwaya. Ya ɗaga ta cikin hasken nan na yamma, ya juya wajen matarsa yana dariya. "Hajaratu, ji abin da yaron ga ke cewa!"

A nan Maharazu ya zaro wayar ya danna.

Bai ɓoye ba, ya nuna wa tsohon. Baba Gide ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nema, ashe dabara ka yi mani." Ya miƙa wa matarsa. Inna Hajaratu ta karɓa da hannu biyu. Ba ta ture ba. Ta ce, "Yauwa. Ga Malam nan." Sai ta juya baya don kada a ga hawayenta.

Ba a rufe wata ba Allah ya karɓi ran Baba Gide.

Maharazu ya je ta'aziyya da hoton a wanke, babba, a cikin firam. Ya tarar da Inna Hajaratu cikin takaba. Ta rungume hoton a ƙirji, ta yi ta sa masa albarka. Da ya tashi tafiya sai ta ce ya dakata, ta jawo wani abu a naɗe cikin tsumma.

Zangarniyar nan ce babba, wadda ke cikin hoton.

"Malam ya ce in ka zo a ba ka. Ya ce wanda ya iya ganin abin da mutum ke so a ranshi, ba za a bar shi da mugun iri ba."

Maharazu ya riƙe ta. Kukan da bai yi ba ranar da aka ƙwace kyamararsa, a nan ya yi shi.

Da safe Suwaibatu ta ji ƙarar tsintsiya a waje. Ta leƙa, sai ta ga shagon a buɗe. Maigidan ya rataye zangarniyar a ƙusar da kyamara take zama, yana share ƙura, wayarsa a aljihun gaba.

Darasi: Kayan aiki suna da amfani, amma ba su ne gwanin ba. Kyamara haske kawai take ɗauka. Haƙuri, lura da sanin darajar mutum suna wurin mai riƙe da ita, kuma babu ɗan fashin da zai iya ƙwace su. In ka rasa abin aikinka, kada ka ɗauka ka rasa baiwar da Allah ya yi maka. Ku tura wa duk wanda kuka san ya zauna yana jiran sai ya samu manyan kaya kafin ya motsa, wataƙila yau ya buɗe nasa shagon.