Harsasan Gwani Ilu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki a Birnin Zarnu mai suna Sambo ɗan Alu, wanda mulkinsa ya zauna lafiya har ranar da ya ba da umarni a sake gina wani rusasshen gida da ke jikin ƙofar gabas. Magina na cikin haƙa sai suka tono sulke mai tsatsa, da bindiga, da kasko cike da dunƙule-dunƙulen darma. Tun daga wannan sa'a rubutu ya daina zama a ƙasar. Malami zai rubuta allo, kafin ya ajiye alƙalami tawada ta zube kamar yashi.

Sai wani aljani mai jan gemu ya fito daga ramin, ya ce, "Rubutu ba zai dawo ba sai an faɗi mene ne waɗannan kaya, kuma wa ya yi aiki da su. Wanda ya faɗi ba daidai ba, harshensa zai zama darma."

Bokan fada ya ce layun tsafi ne. Bakinsa ya yi nauyi, aka ɗauke shi. Daga nan kowa ya kama bakinsa.

A bayan kasuwa kuwa akwai wata tsohuwar malama, Tabawa, wadda ta karantar da rabin birnin amma ba mai gaishe ta a bainar jama'a. A gidan nan na ƙofar gabas aka haife ta. Mahaifinta Gwani Ilu shi ne mai ɗab'in birni, yana zuba haruffa da darma yana buga littattafai. Shekara arba'in da suka wuce abokan gaba suka kewaye Zarnu. Bayan yaƙi Madawaki Jatau ya ce shi kaɗai ya tsare ƙofar gabas, Ilu kuwa ya sayar wa maƙiya darmarsa. Aka duba akwatunan haruffa, babu ko ɗaya. Aka kashe Ilu, aka rushe gidansa, dangin saurayinta Tanko suka zo suka karɓe kayan aure.

Tankon nan, wanda yanzu shi ne Sarkin Gina, ya kawo mata labari. Ta ɗauki sandarta ba ta ce masa ya zauna ba.

A fada ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, shekara arba'in ina jiran a tone ramin nan. A kawo ruwan toka da tsumma."

Ta wanke dunƙule ɗaya a hankali, ta ɗaga shi a rana. "Wannan harsashi ne. Amma a duba gefensa. Ga wutsiyar harafi ba ta gama narkewa ba. Maƙeri ba ya zuba harsashi da rubutu a jiki. Darmar birni ta ƙare, mahaifina ya narkar da haruffansa, aikin shekara ashirin, da gaggawar da ba ta bar wuta ta gama cinsu ba. Ga darmar da aka ce ya sayar."

Harshenta bai yi nauyi ba.

Madawaki Jatau, tsoho mai tsayi kamar giginya, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ma wa ya zuba, ni na harba. Sulken nan nawa ne, ga tambarin gidanmu a wuya."

"Naka ne," in ji Tabawa. "Sa shi mu gani."

Aka zura masa. Sulken ya tsaya a cibiya, fadawa suka sunkuyar da kai.

"An naɗe gindinsa an ɗaure, don ya yi wa gajere daidai," in ji ta. "Mahaifina bai kai kafaɗarka ba. A dubi ɗaurin: zagaye huɗu, a cusa bakin igiya ba ƙulli, don a zare da ja ɗaya. Haka mai ɗab'i ke ɗaure shafi idan ya gama jera haruffa. Wane mayaƙi ne ke ɗauri haka? Ka tuɓe ka gudu, Jatau. Mahaifina ya tsinta ya sa, ya tsare ƙofar da bindigar nan."

Aljanin ya yi dariya har azara ta girgiza. "Ni na zuga wa Ilu wuta a ranar. Ta faɗi daidai."

Sarki ya fusata ya ce a kira hauni ya sare kan Jatau. Tabawa ta ɗaga hannu.

"A'a, ranka ya daɗe, takobi ya yi masa sauri. A narkar da harsasan nan a mayar da su haruffa. Shi da hannunsa zai jera labarin gudunsa, ya buga dubu, ya karanta a kowace kasuwa. Ni zan duba aikin. Shafin da ya karkace, a sake."

Aljanin ya taɓa sulken, ya manne a jikin Jatau, ya ce ba zai fita ba sai takarda ta dubu ta bushe. Shekara uku Jatau ya yi yana jera haruffa, Tabawa tana tsaye a kansa da sanda. Tun ranar da aka buga sunan Gwani Ilu a takardar farko tawada ta koma zama a ko'ina cikin ƙasar, bakin boka ma ya sake.

Tanko ya sake gina gidan da hannunsa. Da ya gama ya tsaya a bakin zaure yana murza hula, ya ce, "Malama, kayan auren nan da aka karɓe, suna nan ban taɓa su ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ka makara da shekara arba'in da uku. Shigo ka zauna."

Sarki da kansa ya tsaya mata waliyyi, aka ɗaura aure ranar Juma'a. Takardar gayyata kuwa, Jatau ne ya buga, sau biyu tana mayar masa.